Karsana ta haihu da kumburin hantsa: me yasa allurar da aka saba yi ta daina aiki?

Duk wanda ya taɓa kiwon shanun tatsa ya san ciwon hantsa, amma yawancinmu mun ɗauka ciwon tsofaffin shanu ne, wato saniyar da tayi haihuwa huɗu ko biyar, hantsarta ta sake, hannu ya sha taɓa ta. Shi yasa idan karsana tayi haihuwar fari aka zo tatsa aka tarar ɓangare ɗaya ya kumbura yayi tauri ga zafi rau, ana matsawa gudaji na fitowa ko wani ruwa-ruwa mai sirkin jini, sai a rasa ta cewa. Wani yace kambun baka ne, wani yace maciji ne ya tsotse ta da daddare, wani kuma ya ɗora wa iska. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, don dabbar da ba a taɓa tatsa ba ko sau ɗaya, ta ina cuta ta shige ta?

Ta shiga tun da daɗewa, wani lokacin ma tun kafin a yi mata barbara. A jihar Luwiziyana ta Amurka an yi wani bincike da aka buga a 1990, aka duba hantsar karsanai da basu taɓa haihuwa ba, sai aka tarar sama da kashi 90 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar cuta a ɓangare ɗaya ko fiye, alhali yawancinsu a ido lafiyarsu ƙalau. A can ma aka gano cewa wani ƙaramin ƙuda mai cizo yana cin kan nonon karsana har yayi miki, ya ɗauki ƙwayar daga wannan ya kai wa waccan. Mu a nan ƙuda ba baƙo bane, da damina ta faɗi garke ya jiƙe zaka ga yadda suke yanyame dabba, sannan muna da ƙarin wata masifar wato kaska, musamman babbar nan mai zane a baya mai dogon baki wadda ke son maƙalewa a hantsa da matsematsi, ita ce kuma ke tafiya da kirci. Idan ta ciji kan nonon maraƙa ta bar rami, to ƙofa ta buɗu. Akwai kuma maruƙan da aka ɗaure waje ɗaya suna tsotson junansu, da wanda ake bai wa madarar saniya mai ciwo don kar a yi asararta. Duk waɗannan hanyoyi ne, ƙwayar ta shiga ta kwanta shiru, sai ranar da hantsa ta cika da dakashi sannan ta tashi.

To me muke yi idan ta tashi? Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko Lahadi a Ɗambatta, ko Alhamis a Maigatari, ka tsaya gaban teburin mai maganin dabbobi na ɗan lokaci kaji. Dattijo zai zo da sandarsa yace "Malam, karsanata ce ta haihu nono ɗaya ya kumbura, a ba ni mai ƙarfi." Mai tebur ya ɗauko kwalba mai ruwan ɗorawa-ɗorawa yace "Baffa ga LA nan, wannan ba ta barin komai, in kuma kana so a haɗa maka da farar." LA ɗin allura ce ta dangin tetirasaikilin mai daɗewa tana aiki a jiki, farar kuma ita ce fenisilin da sitireftomaisin a haɗe, kwalbar ta wuni a rana kan tebur, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, alhali a jikinta an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi. Babu wanda ya ga saniyar, babu wanda ya san nauyinta, balle a san wace ƙwaya ce a ciki. A je gida a yi allura ɗaya, in kumburi ya ragu ace magani yayi, in bai ragu ba ace jabu ne, sati mai zuwa a sayo wani.

Matsalar tana wajen "mai ƙarfi" ɗin nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, ba ƙarfi ne ke sa yayi aiki ba, dacewa ce. Manomin shinkafa a Kadawa ya fi kowa sanin haka, maganin feshin da ke ƙone ciyawa mai faɗin ganye ko ka ninka shi ba zai taɓa ciyawar da ke kama da shinkafa ba, sai ka fara sanin wace ciyawa ce a gonar. Ciwon hantsa ba cuta ɗaya bace, ƙwayoyi ne iri-iri da ke kawo kumburi mai kama da juna, kuma kowacce da halinta.

Wadda ta fi yawa a karsana ita ce dangin Sitafilokokus ƙanana da ke zaune a fatar dabba da kan nono. Su ba su cika yin ɓarna mai yawa ba, da yawansu ma jikin karsanar ke korarsu da kansa cikin makonnin farko bayan haihuwa. Babbar yayarsu ce abin tsoro, Sitafilokokus oriyos, bari mu riƙa ce mata Sitaf don sauƙi. Ita wannan tana kutsawa can cikin naman hantsa ta gina ƙananan maruru ta zagaye kanta da tabo, har cikin ƙwayoyin jinin da aka turo su kashe ta tana iya ɓuya, kuma hannun mai tatsa ne ke yawo da ita daga saniya zuwa saniya. Sai dangin Sitireptokokus, akwai wadda ba ta rayuwa sosai sai a cikin hantsa mai suna agalaktiye, akwai kuma uberis da ke zaune a kashi da shimfiɗar garke. Sai su Ikolai da Kilebsiyela, 'yan kashi da laka, su ne masu kawo ciwon nan na farat ɗaya, da safe saniya lafiya da yamma ta kwanta da zazzaɓi madara ta koma ruwa. Akwai wata kuma da ƙuda ke kawowa mai sa hantsa ta cika da mugunya mai ɗoyi, wadda in ta kama ɓangare da wuya ya dawo. Sannan Maikofilasma, dangin ƙwayar da ke kawo ciwon huhu na shanu, ita kwata-kwata ba ta da bangon jiki, fenisilin kuwa aikinsa kenan rushe bango, kaga ko durom guda ka ɗura mata babu abin da zai rusa.

Yanzu ka duba, fenisilin ɗin nan mai araha da ake rainawa, har gobe shine maganin agalaktiye, yana kashe ta fes. Amma kusan ba ya taɓa Ikolai. Sitaf kuma rabi da rabi ce, wata tana ji wata ba ta ji, kuma da ido ba zaka taɓa bambance su ba. Nan ne gwajin jin magani yake shigowa.

Abin da ake yi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba wani sihiri bane. A ɗauki ɗigon madarar a shafa a kan wani faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta da aka haɗa da jini, a sa a akwatin ɗumi mai zafi kamar na jikin dabba, washegari ko jibi sai kaga ɗige-ɗige sun tsiro, daga kamanninsu da wasu 'yan gwaje-gwaje a gane wace ce. Sai a ɗebi wannan ƙwayar a shafe wani farantin da ita gaba ɗaya, a jera wasu 'yan ƙananan takardu zagayayyu masu faɗin milimita 6, kowacce an jiƙa ta da magani daban, wannan fenisilin, wannan tetirasaikilin, wannan jentamaisin, haka dai. A mayar cikin ɗumi digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Da safe in ka ɗaga farantin ka kalli haske zaka ga ƙwayar ta rufe ko'ina kamar hazo, sai dai kewayen wasu takardun akwai fili tas inda ta kasa matsowa, wasu kuma ta tsiro har jikin takardar ko gezau. Wannan filin ake aunawa da rula, a duba a jadawali, a rubuta S wato tana jin maganin, ko R wato ta bijire, ko I wato tsaka-tsaki. Tun 1966 wasu masana biyu, Kirby da Bauer, da abokan aikinsu suka daidaita wannan tsarin, kuma shi ake yi wa fitsari da jinin mutane a manyan asibitocinmu. Akwai wani gwajin da ya fi shi zurfi, wanda ke faɗin mafi ƙarancin adadin maganin da zai hana ƙwayar yaɗuwa, amma na farantin shi yafi samuwa a wajenmu. Abu ɗaya da ya kamata a kula, faɗin fili kaɗai ba shi ke nuna magani yafi wani ba, kowane magani da nasa ma'aunin, don wani yafi wani saurin bazuwa a cikin faranti.

Ta yaya ƙwaya ke koyon ƙin jin magani? Ba koyo take yi ba irin na mai hankali. A cikin miliyoyinsu akwai 'yan kaɗan da ke da wata dabara a halittarsu, misali Sitaf mai fitar da wani sinadari da ke yayyanka fenisilin kafin ya taɓa ta, ko wadda ke da famfo a jikinta tana fitar da tetirasaikilin waje da zarar ya shiga. In ka ba da magani kaɗan ko ka tsaya a rabi, raunanan sun mutu, masu dabarar sun samu fili su hayayyafa, kuma abin haushin suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan dabarar ko da ba danginsu bane. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, da bakinsa yayi gargaɗin haka a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, cewa shan maganin ƙasa da kima zai sa ƙwayoyin su daina jinsa. A 1961 aka ga Sitaf mai bijire wa metisilin, wani ɗan'uwan fenisilin, a Ingila, wadda ake kira MRSA, a 1972 aka same ta a madarar shanu a Beljiyam. Ita in ta shiga garke kusan duk dangin fenisilin sun tashi aiki.

Mu kuwa ƙasa da kima shine al'adarmu. LA mai kashi 20 cikin 100, ƙa'idarta mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, wato karsana mai kilo 250 mil 25 take buƙata, a rarraba a wurare biyu ko uku. Je ka ruga ka ga nawa ake zuƙa, sirinji ɗaya na mil 10 in an yi kirki, don kwalbar ta isa shanu da yawa. Ga shi akwai mai kashi 5 da mai kashi 10 a kasuwa, kalarsu kusan ɗaya, duk LA ake ce musu. Farar allurar kuma kullum ake yinta kwana 3 zuwa 5, amma da an ga sauƙi a rana ta biyu shikenan. Kuma ba don ciwon hantsa kaɗai ba, saniya tayi tari LA, ta rame LA, ɓauru ya shigo garke LA, alhali shi ɓauru ƙwayar bairos ce da antibayotik ba ya kashewa. Don haka ba abin mamaki bane binciken da aka yi a kan madarar shanu a jihohi irin su Kaduna da Filato yake ta nuna abu ɗaya, Sitaf ɗinmu da yawa ba sa jin fenisilin da amfisilin da tetirasaikilin, wato daidai magungunan da suka cika teburan kasuwa, kuma an samu MRSA a ciki. Ka kwatanta da Suwidin da Nowe, inda sai likita ya rubuta ake sa wa saniya magani, har yau mafi yawan Sitaf ɗin hantsarsu fenisilin na kashe su, maganin da ya haura shekara 80 ana amfani da shi.

Amma fa kar wani ya ɗauka takardar lab ita ce ƙarshen magana, nan ma mutane na ruɗewa. In takarda tace R, to ka yarda da ita, kar ka ɓata kuɗinka. In tace S, abin da take nufi kawai shine a kan faranti maganin ya kashe ƙwayar, hantsa kuwa ba faranti bace. Dole maganin ya isa inda ƙwayar take, da yawan da ya kamata, ya kuma daɗe a wurin. Tetirasaikilin yana kama sinadarin kalsiyam da ke cikin madara sai kaifinsa ya ragu, shi yasa LA ba wani abin kirki take yi wa ciwon hantsa ba ko da takarda tace S. Jentamaisin da sitireftomaisin in an yi allurarsu a tsoka basa ratsawa cikin madara sosai, jentamaisin ma ya kan zauna a ƙodar dabba wata da watanni. Su tailosin suna shiga madara da kyau amma basa taɓa Ikolai. Sannan ga maganin da ake matsawa kai tsaye ta kan nono, wanda ke zuwa a ɗan bututu, shi yafi dacewa da yawancin ciwon da bai kwantar da dabba ba, amma in hantsa ta kumbura sosai hanyoyin madara sun toshe ba lallai ya kai can sama ba. Ka ga kenan karanta takardar ma aikin likitan dabbobi ne, shi zai haɗa abin da lab ya faɗa da abin da ya gani a jikin saniyar.

Wani abin da zai ba mutane mamaki, kaso mai yawa na madarar da ake kaiwa lab daga hantsa mai ciwo babu abin da ke tsirowa a farantin, wato jikin saniyar ya riga ya gama da ƙwayar, kumburin ne ya rage. Ikolai mai sauƙi ma sau da yawa haka take, ta zo ta tafi da kanta. Irin waɗannan su ne ke ɗaga darajar mai tebur, an yi allura saniya ta warke, ace maganin Malam wane ba ya ƙarya, alhali ko ruwa aka yi mata zata warke. Sitaf kuma akasin haka take yi, kumburi ya sauka madara ta dawo fara kowa ya saki jiki, ita tana nan a ciki, bayan wata ɗaya ko biyu ta dawo, kafin nan an shafa wa shanu uku.

Dalilin da yasa na dage a kan karsana shine nan ne gwajin yafi biyan kuɗinsa. Sitaf a hantsar tsohuwar saniya da ta daɗe da shi, wadda in ka shafa kana jin ƙulalai a ciki, da wuya ya warke ko da wane magani, likitoci da yawa cewa suke a busar da ɓangaren ko a sayar da ita ga mahauta. A karsana kuwa cutar sabuwa ce, tabo bai yi yawa ba, yawanci ɓangare ɗaya ne, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa ƙaramar saniya tafi warkewa nesa ba kusa ba in aka dace da magani aka kuma cika kwanakinsa. Ga kuma girman asarar. Hantsa tana yin yawancin girmanta ne lokacin da karsana ke ɗauke da cikin farko, in ƙwaya ta ci naman da ke yin madara a wannan lokacin to ragin zai bi ta. Bunaji ko Bokolo sai ta kai shekara 4 ko fiye kafin haihuwar fari, duk dusa da harawa da kanwa da wahalar rani da ka sha a kanta, ranar da zata fara biyanka ace nono ɗaya ya mutu, ta zama mai uku har ƙarshen rayuwarta. Masu 'yan ƙetare kuma, irin ruwa-biyun Firisiyan da ake ta samu yanzu ta hanyar allurar barbara a gonakin da ke kewayen Kano, su abin ya fi shafa, don hantsarsu babba ce madararsu da yawa, kuma sun fi namu na gida saurin kamuwa. Wani abin da tsarin rugarmu ya dace da shi ba tare da an sani ba shine sakin maraƙi ya tsotse ragowar madara bayan tatsa, hakan na taimakawa wajen rage ciwon, sai dai in maraƙi ɗaya yana bin iyaye da yawa to shi ma ɗan aike ne.

Ɗaukar madarar gwaji shine inda aka fi ɓata aiki. Sai kafin a yi kowace allura ake ɗauka, in ka riga ka yi ba lallai komai ya tsiro ba. A wanke hannu, a goge kan nonon ya bushe, a tatse tsirto biyu uku na farko a zubar a wani mazubi daban ba a ƙasan garke ba, a goge bakin nonon da auduga da sifirit har sai audugar ta daina yin datti, sannan a buɗe kwalbar lab sabuwa, a karkata ta don kar ƙura da gashi su faɗa, a tatsa kaɗan a rufe. Ba kwalbar lemo da aka ɗauraye ba. A rubuta wace saniya ce da wane ɓangare, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, in ba za a kai ranar ba a sa a firiza. In datti ya shiga, ƙwayoyi kala uku huɗu zasu tsiro, a ba ka sakamakon kashin garke ka je kana yi wa hantsa magani da shi.

Sakamako sai yayi kwana 2 zuwa 3, to a zauna jira? Ya danganta. In karsana na cin abincinta, babu zazzaɓi, madara ce kawai ta canza, jiran kwana ɗaya ko biyu ana tatse ɓangaren akai-akai ba ya cutarwa. In kuwa ta daina ci, kunnuwa sun yi sanyi, tana zawo ko ta kwanta, ko ɓangaren ya fara yin baƙi yana sanyi, wannan ba na jira bane, a ɗauki madarar a kira likita nan take, don irin wannan yana kashewa, kuma ƙarin ruwa da maganin kumburi ne ke ceto dabbar kamar yadda antibayotik ɗin ke yi ko ma fiye. Abin da ba zan so kowa yayi ba shine zuƙo maganin allura a tsohon sirinji a tura ta ramin nono, da yawa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago ta nan, an tura datti da ƙwayar yis ciki, ita kuma antibayotik ba ya kashe ta.

Akwai kuma ciwon da ba a gani, madara fara tas hantsa lafiya amma cutar na ciki tana rage tatsa, shi yafi na fili yawa ma. Gwajinsa mai sauƙi ne, tun 1957 aka ƙirƙiro shi a Kalifoniya, ana ce masa CMT. Wani ɗan faranti ne mai rami huɗu, kowane nono da raminsa, a tatsa kaɗan a zuba ruwan gwajin daidai da madarar a jujjuya, in akwai ciwo sai kaga yayi yauƙi yana kamewa. Ba ya faɗa maka wace ƙwaya ce, amma yana nuna maka wane ɓangare za a kai lab. A bari sai bayan 'yan kwanaki da haihuwa, don dakashi na iya ruɗa shi.

Sai maganar da mata masu tallan nono suka riga kowa ganewa. Madarar saniyar da aka yi wa allura ba ta kwanciya da kyau, a zuba mata tsohon nono a rufe ƙwarya, da safe a tarar ta tsinke ba ta zama kindirmo ba, saboda ƙwayoyin da ke sa nono yayi tsami su ma bakteriya ne, ragowar maganin ta kashe su. Tafasawa ba ta kawar da ragowar gaba ɗaya. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a zubar da madara bayan allurar ƙarshe, wasu LA ɗin ma an rubuta ƙarara kar a yi wa saniyar da mutane ke shan madararta. Na san zubar da madara a gidan da ita ce kuɗin cefane ba ƙaramin abu bane, kuma galibi kuɗin nono na uwargida ne allura kuma maigida ne ke yi, wani lokacin ko faɗa mata ba ya yi. Amma wanda ke sha ɗin 'ya'yanmu ne, da fura a tasha, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar fenisilin ko kaɗan. Rahoton da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma yankin da abin yafi muni in aka kwatanta da yawan jama'a shine namu, Afirka ta Yamma. Ba shanu kaɗai suka jawo ba, kemis ɗin unguwa da ke sayar da kafso biyu ma yana ciki, amma magungunan iri ɗaya ne, ƙwayoyin ma suna ƙetarawa tsakaninmu da dabbobin.

Za a ce duk wannan maganar masu kuɗi ce, mai shanu biyar a ƙauyen Ringim ko Gaya ina shi ina lab. Gaskiya ne, wuraren da aka sani da wannan aikin sun yi nisa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato da ke nan tun 1924, da asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya, kuma kuɗin mota kaɗai ya fi kuɗin kwalbar LA. Najeriya na da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, an kuma kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, amma har yanzu a ruga mai tebur ne likita. Sai dai ba dole kowace karsana a yi mata gwaji ba. Ƙwayoyin garke ɗaya, musamman Sitaf da agalaktiye masu bin hannu, sukan zama iri ɗaya, don haka in aka gwada 'yan samfura daga garke ko daga rugage maƙwabta sau ɗaya ko biyu a shekara, likita ya samu abin da zai dogara da shi in sabon ciwo ya taso. Cibiyoyin tattara madara da ake ta buɗewa a ƙananan hukumomin Kano su ne wurin da ya dace da wannan, can akwai firji, akwai mota ko babur da ke kai madara birni, akwai ƙungiyar makiyaya da zata iya haɗa kuɗi, kuma kamfanin da ke sayen madarar shi ma ba ya son wadda zata ɓata masa yogot. Kwalba goma a kula ɗaya ba wani nauyi zata ƙara wa motar ba.

Kafin nan akwai abin da ba ya cin ko sisi. A fara tatsar karsanai kafin manya, mai ciwo kuma a bar ta ƙarshe, a wanke hannu tsakanin saniya da saniya, a daina goge hantsar garke duka da tsumma ɗaya. A riƙa duba hantsar maruƙa da karsanai masu ciki ana cire kaska, ba sai sun haihu ba. A raba maruƙan da ke tsotson juna. Wadda ta kusa haihuwa a matsar da turkenta zuwa busasshen wuri, musamman a Agusta da garke ke zama taɓo, don a makonnin ƙarshe na ciki bakin nono kan fara buɗewa yana ɗigar dakashi. Wanda ke da hali ya sayi ruwan aidin na tsoma nono ya riƙa tsomawa bayan kowace tatsa, a shagon maganin dabbobi ake tambaya, kuma na tsoma nono daban yake da aidin ɗin miki da ke ƙona fata.